Karsanar Kwarin Gamji

To, ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, ku ne kuma alƙalan, kada wanda ya ce mini shi ɗan kallo ne.

A wani gari na bakin kogi, can ƙasar Haɗeja, an yi wasu abokai uku masu rubuta manhajar kwamfuta: Zuwaira, da Nafi'u, da Sadisu. Sun ƙera wata manhaja wadda in ruwa ya taso daga saman kogi take buga wayoyin masu gari na ƙauyukan kwari, murya ta ce a kwashe a hau tudu. Muryar ma ta Zuwaira ce aka ɗauka. Ƙauyukan kuwa sun yi wa kansu doka, tun shekarar da jita-jita ta tashe su suka bar gonaki, shanu suka cinye, ruwa bai zo ba: ba mai naɗe ko tabarma sai lambar manhajar ta kira wayar mai gari.

Ita Zuwaira akwai kafiya. In ta ga abu daidai ne, sai dai ka gaji ka bi. Da farko aikinsu duk a cikin babbar kwamfuta ɗaya yake a ofis, kowa ya ɗebo abin da zai gyara ya mayar. Ta ce ba ta yarda ba. Ta kawo sabon tsarin da masu wannan sana'a suka fara yayi, inda kowa ke riƙe da cikakken kwafin aikin a tasa kwamfutar, har da tarihin duk gyaran da aka taɓa yi, da wanda ya yi shi. Nafi'u ya ce wahalar banza ce. Sadisu ya ce tsohon tsarin bai yi masa laifin komai ba. Ta bi su da naci har suka koya, ta kuma gindaya sharaɗi: kullum kafin a tashi kowa ya jawo abin da sauran suka yi, kuma ba a shigar da gyara sai an rubuta dalilinsa. Suka sa mata suna Hedimasta, ko a jikinta.

Ana nan, damina ta yi tsakiya. Aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari na wayewa aka tarar katangar ofishinsu ta zube. Da ma a ofis wutar sola take, don haka can ake barin kwamfutoci suna caji. Babbar kwamfuta, da ta Zuwaira, da ta Sadisu, duk sun sha laka sun mutu murus. Suna tsaye cirko-cirko sai mai duba ma'aunin ruwa ya bugo ya ce babban ruwa na tafe, zai sauka kwari kafin magariba.

Zuwaira ta zaro waya, don mahaifiyarta tana Kwarin Gamji, ƙauyen da ya fi kowanne faɗawa cikin kwarin. Ta kira ta.

"Inna, ku tashi, ruwa na zuwa!"

"Ke 'yar nan, wayar mai gari ba ta yi kuka ba."

"Inna, ai ni ce muryar!"

"Na sani sarai. Amma ba ta can kika fito ba. Ni kaɗai zan ɗauki ƙunshi in hau tudu a yi ta yi mini dariya?"

Ta kira mai garin da kanta. Ya saurare ta cikin mutunci, ya ce wancan karon na jita-jita ma ɗan'uwa ne ya bugo musu daga birni. Zuwaira ta ji kamar ta fashe da kuka don takaici, amma ta cije. Ta dubi Sadisu ta ce, "Aikin bai mutu ba. Akwai kwafi wajen Nafi'u."

Shi Nafi'u a tsallaken kogi yake, kuma shi kaɗai ke tafiya da kwamfutarsa gida. Kada ku ɗauka tsantseni ne, ƙwallo yake kallo a cikinta. Ruwa ya yanke hanya, sabis ɗin waya ya ɗauke a ɓangarensu, ba mai iya gaya masa komai. Daga bakin wani masunci ya ji katangar ofis ta faɗi, nan take ya gane abin da ke cikin jakarsa. Ya naɗe kwamfutar a leda, ya cusa ta a bokitin fenti, ya danne murfi. Masu kwalekwale suka ce ba sa tsallakawa a wannan igiyar ruwa, ya yi ta roƙo har ɗaya ya yarda. Kusa da gaɓa kwalekwalen ya maƙale a ciyawa. Nafi'u, wanda ko iyo bai iya ba, ya dira ruwa iya ƙirji da bokiti a ka, yana salati da ƙarfi, har ya taka ƙasa. Ya tambaya aka nuna masa wata makaranta a kan tudu inda abokan nasa suka fake, ya iso ba takalmi, haƙoransa na haɗuwa. Aka kunna kwamfuta, ga aikinsu nan cif, tun daga ranar da suka fara har gyaran jiya.

Suka tayar da manhajar, suka ba ta umarnin kira. Ta ce ta kira. Zuwaira ta bugi mai gari, ya ce shi dai wayarsa shiru take. Aka sake, haka. Ashe wata ɓaraka ta shiga aikin tun da rani, ba wanda ya lura, don tun lokacin ba a buƙaci kiran kowa ba. Rana ta karkata, gyare-gyaren da ke cikin tarihin nan kuwa ɗaruruwa ne, in an ce a bi su ɗaya-ɗaya sai ruwa ya riga su.

Sai Sadisu ya jawo kujera. Shi mutum ne mai sanyin jiki, har cin abincinsa ban haushi ne da shi. Ya mayar da manhajar zuwa yadda take a tsakiyar tarihinta, ya sa ta kira wayar Zuwaira. Ta yi ƙara. Ya ce, "To, ɓarnar tana gaba." Ya raba ragowar biyu ya gwada, shiru. "Tana baya." Haka ya yi ta rabawa, Zuwaira na safa da marwa a kansa, Nafi'u na cewa ya yi sauri don Allah, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Can sai gyara ɗaya tak ya rage a gabansa, da dalilinsa a rubuce: an daidaita lambobin waya, an cire sifirin farko. Sunan da ke jiki na Zuwaira ne. Wanda aka ba ya duba gyaran kafin a shigar, ya kuma wuce da shi bai karanta ba, Sadisu ne. Suka dubi juna, kunya ta kama su duka biyu. Sadisu ya warware gyaran nan shi kaɗai, ya bar sauran aikin yadda yake, ya danna umarnin kira.

Ba a jima ba wayar Zuwaira ta yi ƙara. Inna ce, ana jin mai shela a bayanta.

"To, kin yi magana. Ga mu nan muna ɗaure kaya."

Zuwaira ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta riƙe tun safe. Ruwa ya sauka da magariba, ya shafe Kwarin Gamji har rufin rumbuna, amma ko akuya bai samu ba.

Bayan ruwa ya janye, ƙauyukan suka haɗu suka zaɓi karsana ja, mai ƙiba, mai garin Kwarin Gamji ya jawo ta har ƙofar makarantar. Ya ce an aiko shi ya damƙa igiyar a hannun wanda ya cece su, mutum ɗaya, haka aka ce masa. Nafi'u ya ce a yanka a raba, mai gari ya ce ta kiwo ce, ba a ba shi izinin wuƙa ba.

Zuwaira a ranta ba ta ko shakka tata ce. In ba don nacinta ba, da ba abin da zai tsira a kwamfutar kowa, ba kuma tarihin da za a bi. Sai dai ta san hannunta ne ya toshe bakin manhajar. Nafi'u ya sa ransa a ruwa, in ba shi ba kwafin yana can tsallake, sai dai ƙwallo ce ta sa kwamfutar ta kwana a gidansa. Sadisu ya gano ɓarakar kafin rana ta faɗi, in ba shi ba an sha wahalar banza, sai dai da ya karanta abin da aka ba shi tun da rani da ba a kai ga haka ba.

Mai gari na nan tsaye, karsana na fizgar igiya, hannunsa ya fara gajiya. To, ku gaya mini, a hannun wa zai sa ta?