Kififfiya da Baƙuwarta Leda

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Can tsakiyar teku akwai wata Kififfiya, kunkurun ruwa ke nan. Tana da ɗan fili a saman ruwa inda take leƙo kai ta sha iska. In ba ta sha ba, mutuwa za ta yi. Ga ta kuma da cikin ƙwai.

Rannan igiyar ruwa ta kawo wata baƙar Leda.

"Salamu alaikum."

"Maraba, lale! Shigo, gida naki ne."

Leda ta baje. Kififfiya ba ta damu ba. Kara ya taɓa sauka wurinta, ɓawon kwakwa ma haka, kowa ya kwana biyu ya ruɓe.

Wata ya cika, Leda ko gezau. Kififfiya kuwa akwai kunya, ba ta iya korar baƙo. Sai ta ce, "To Leda, a gaida mutan gida."

Leda ta ce, "Ai ga su nan tafe, kya gaishe su da bakinki."

Sai ga robar lemo, ga ledar fiya wata, ga silifas wari guda. Fili ya ragu rabi.

Wata ya sake cika. Kififfiya ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Leda ta ce, "Amin. Akwai na baya kuwa, sun fi mu yawa."

Suka iso. Fili ya koma kamar bakin tulu.

Wata na uku Kififfiya ta turo hanci da ƙyar, ta ajiye kunya. "Wai ku yaushe za ku ruɓe?"

Duk suka kwashe da dariya. Leda ta ce, "Ruɓewa? Ba a yi a danginmu. Wanda ya jefo ni a kwata ma ya tsufa, dube ni."

Murfin jarka ya gangaro ya toshe sauran wurin.

Kififfiya ta yi ta iyo numfashi na sarƙe ta, har ta kai gaɓa. Ta haƙa rami a rairayi ta zuba ƙwai, hawaye na zuba. Shi ya sa har yau a tudu take haihuwa, tana kuka, ta rufe ramin ta koma ba ta ga 'ya'yanta ba.

Ƙurunƙus kan kifi.