Banɗakin da Ya Kalli Alƙibla

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ga wata magana da ta ishe ni na kawo muku. Sau biyu ana kirana in raba ta, sau biyu ina tashi da ciwon kai. Yau ku za ku ɗauka.

A cikin tsohon gari, can lungun bayan marina inda hanya ke murɗewa har baƙo ya rasa gabas da yamma, akwai wani dattijo, Baba Ilu, tsohon maɗinki. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya'ya uku: Mudi babba, mai shago a bakin kasuwa, da Zulai da ke aure a unguwar gaba, sai Tanimu, direban motar haya. Da damina Baba Ilu ya zame a bakin masan tsakar gida, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka yi masa aiki a asibiti, aka sa masa ƙarfe. Likita ya ce shi da tsuguno har abada, kuma tunda yana da ciwon suga, kada a kuskura a bar shi da yunwa. Sai 'ya'yan suka shirya a fasa bangon ɗakinsa a yi masa banɗaki mai masai na zama kafin a sallamo shi.

Mudi ne ya kawo mai aikin, Ɗan'azumi Mai Famfo, wanda ya shekara talatin a sana'ar, kuma a ganinsa tambaya aikin 'yan koyo ne. Zulai ce ta share ɗakin ranar, ta kakkaɓe dardumar sallar uban, ta shimfiɗa ta inda ta samu wuri tsakanin gado da akwati. Tanimu aka bari ya tsaya a kan aikin, aka kira shi kai 'yan biki ƙauye, ya tafi abinsa. Ɗan'azumi ya shigo ya dubi darduma, ya ce a ransa nan ce alƙibla, ya kauce mata da kyau yadda ya saba. Darduma kuwa arewa take kallo. Garin guje wa alƙiblar da ba ita ba, ya dasa masai yana fuskantar ta gaskiya. Ya binne bututu, ya zuba siminti, ya manna tayil fari tas, ya wanke hannu ya tafi.

Ranar da aka dawo da Baba Ilu, aka riƙo shi zuwa ƙofar banɗakin ana jiran ya sa albarka. Ya dubi masai, ya dubi kusurwar da ya shekara hamsin yana salla, ya ce a mayar da shi gado. "Shekarata saba'in da takwas," in ji shi, "ban taɓa biyan buƙata ina kallon inda nake kallo in gaida Ubangijina ba. Ba zan fara a kan kujerar tangaran ba." Aka kira liman, liman ya ce in a cikin gini ne malamai sun yi sauƙi. Baba Ilu ya yi masa godiya, ya ce to malaman su zo su yi amfani da shi. Aka kawo masa fo, ya ce shi ba jariri ba ne. Daga nan ya nemo wa kansa dabara: wanda bai ci ba bai sha ba, ba ruwansa da banɗaki. Ya rufe bakinsa. Tun muna samari na san mutumin nan, kuma wallahi taurin kansa ya sha ba ni haushi, amma bai taɓa ba ni tsoro irin na wannan karon ba.

Tanimu ne ya fara motsawa. Kwana biyu da rufe baki, ya tarar da uban yana karkarwa, gumi ya jiƙa matashi, magana ba ta fita sosai. Ya mayar wa mai mota makullinsa, ya san kuwa kafin la'asar an ba wani direban. Ya zauna a bakin gado da kwanon koko, ya ce, "Baba, cokalin da ka sha, shi zan sha. In ba ka sha ba, sai mu tafi tare." Wuni guda suna kallon juna da yunwa kafin tsohon ya sauko, da sharaɗin a kai shi tsohon masansa. Tanimu ya huda kujerar katako ya ɗora a kan ramin, ya riƙa goya uban yana ratsa tsakar gida mai santsi, sau biyar sau shida a rana, har kwana goma sha ɗaya. Da wannan Baba Ilu ya ci ɗan abin da ya riƙe ransa. Sai dai kowane goyo da nishinsa, wajen ɗinkin ya fara kumbura, likita ya ce in aka ci gaba da jijjiga ƙarfen nan, tsohon ba zai sake takawa ba.

Mudi kuwa shi ya sha fama da mai aikin. Ɗan'azumi ya ce aikinsa daidai yake, tsufa ne ke damun mai gidan. Mudi ya nuna masa alƙibla a waya, Ɗan'azumi ya ce shi ba ya karɓar addini daga abin da caji ke ƙare masa. Mudi ya nemi wani mai famfon, duk wanda ya je wurinsa sai ya ce ƙa'idar ƙungiyarsu ba a sa hannu a aikin ɗan'uwa, wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Shugabansu ya ce a kawo shaidar da kowa zai yarda da ita tukuna. Mudi ya rufe shago kwana uku yana yawo, har Allah ya tuna masa da Malam Gwadabe mai haƙar kabari, wanda ya shekara arba'in yana juya fuskokin mutanen garin zuwa alƙibla, ba a taɓa yi masa gyara ba. Ya je ya ɗauko shi, ya kira shugaban da Ɗan'azumi su zo su gani. Da Baba Ilu ya hango shi a ƙofar ɗaki sai ya ce, "Har kun kira shi? Ku bari in ƙarasa mana." Malam Gwadabe ya shiga banɗakin, ya miƙa sandarsa. Ya ce, "Da a nan zan kwantar da mutum, inda abin nan ke kallo nan zan juya fuskarsa." Shugaba ya yanke cewa laifin na Ɗan'azumi ne, ya fasa ya sake.

Da Mudi ya yi shiru a nan, da an gama. Amma ina. Haushin kwana da kwanaki ya taso masa, a gaban jama'a ya ce mutum ya shekara talatin yana aiki bai san gabas ba, ko ina yake kallo in zai yi salla oho. Ɗan'azumi ya miƙe, idonsa ja, ya rantse da Allah ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba. Ga hukunci a hannu, ga mai gyara ya tafi, kuma ban da shi ba wanda ya san inda bututun suka bi a ƙarƙashin tayil.

Zulai ba ta je wurin Ɗan'azumi ba, wurin mahaifiyarsa ta je, Iya Kande mai daddawa. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi taɓarya ta taya ta daka, sai da aka jima ta faɗi halin da ubanta ke ciki, hawaye na zuba. Iya Kande ta aika aka kira ɗanta. A gabansa Zulai ta faɗi abin da ba wanda ya tambaye ta, abin da ko 'yan'uwanta ba su sani ba: ita ce ta shimfiɗa dardumar a karkace. Ta ce, "Malam Ɗan'azumi, kauce wa alƙibla ka yi niyya, ni na ɓatar da kai." Fuskarsa ta ɗan saki, amma ya ce ai ya riga ya rantse. Ta ce, "Kaffarar rantsuwa ciyar da mutum goma ne. In ka yarda, ni zan dafa da sunanka." Iya Kande ta ce, "Ɗan'azumi, ɗauki gudumarka." Washegari Zulai ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, aka raba wa mabuƙata goma. Ɗan'azumi ya shigo gidan, kansa a ƙasa, ya fasa tayil, ya juya bututu, ya dasa masai yana kallon kudu. Kafin ya zuba siminti, sau uku yana tambayar Baba Ilu ko ya yi.

Ranar da siminti ya bushe, Baba Ilu ya dogara sanda ya yi taku huɗu da ƙafarsa, ya shiga, ya fito, ya ce a kawo masa tuwo. Ya cinye malmala biyu. Sannan ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro carbin mahaifiyar 'ya'yansa, wanda tun rasuwarta bai bar kowa ya taɓa ba. Ya ce, "Ɗayanku ne ya tsamo ni. Wanda ya san shi ne, ya miƙo hannu." Hannu uku suka miƙo a tare.

Tun ranar ake abu ɗaya. Tanimu ya ce da bai goyi Baba ba, da gyaran ya tarar da zaman makoki. Aka ce masa da ya tsaya a kan aikin da aka bar masa, da ba a kai ga goyo ba. Mudi ya ce da bai kawo shaida ba, da har yau ana cewa tsufa ne ke damun ubansu. Aka ce masa shi ya kawo mai aikin, bakinsa kuma ya kore shi. Zulai ta ce da ba ta sauke girman kai ta je gidan Iya Kande ba, da hukuncin shugaba yana nan, masai ma yana nan inda yake. Aka ce mata darduma fa?

Baba Ilu ya mayar da carbi ƙarƙashin matashi, ya ce ba zai tsinka shi ya raba ba, kuma ba ya so ya mutu bai ba mai shi ba. Ni na gaji. To ku faɗa mini, tsakanin wanda ya goya, da wanda ya kawo shaida, da wadda ta dawo da mai gyara, hannun wa ya kamata a sa wa carbin nan?