Ɗigon Mai a Tafin Abdulbaƙi

Akwai wani matashi a Kuala Lumpur mai suna Abdulbaƙi. Digiri na biyu ya zo yi, amma ranakun da ba shi da aji yakan je unguwar Sri Petaling ya taya Alhaji Ƙasimu aiki a sito, inda ake haɗa kayan 'yan kasuwa masu tafiya Najeriya.

Wata rana fokilif ɗin wurin, motar nan mai ɗaga kaya, ta fara ba da matsala. In ta ɗaga kaya, sai cokulanta, ƙarafan da ke ɗauke da kayan, su riƙa saukowa da kansu. Abdulbaƙi ya duba man haidirolik, ya ga ya yi ƙasa. Ya ƙara, ya sake raguwa. Ya gane akwai tiyon da ke yoyo.

Alhaji ya ce ya sauke cokulan, ya kashe injin, a jira makanike. In ma dole ne, da kwali ake neman irin wannan yoyon, ba da hannu ba.

"Haba Alhaji, boleh lah, ai zan iya," in ji Abdulbaƙi yana dariya. "Ni da na taso a wajen faci a Kurna?"

Can haka ya saba: a shafa taya, a ji inda iska ke fita. Ya bar injin a kunne, ya bi tiyon da tafinsa. Sai ya ji kamar cizon cinnaka.

Ɗan tabo ne kawai, ko jini babu. Alhaji ya ce su tafi asibiti yanzu-yanzu, ya ƙi. Bizar ɗalibi gare shi, ba shi da izinin aiki, yana tsoron a tambaye shi inda ya ji ciwon. Ya shafa man zafi, ya tafi cin abinci.

Kafin ya yarda a kai shi, hannun ya kumbura, yatsun sun yi baƙi. Likita ta ce ƙarfin man ya huda fata kamar allura, ya bi tsoka ya kashe ta. Da a ranar ya zo, da wataƙila an ceci hannun.

Aka yanke shi daga wuyan hannu. Na dama.

Har yau bai gaya wa gida ba. Ranar Juma'a mahaifiyarsa ta kira ta bidiyo, ya riƙe wayar da hagu.

"Abdul, ga ƙannenka nan, ɗago musu hannu mana."

Ya ce, "Umma, ba na jin ki sosai." Ya kashe wayar.

Darasi: Sanin wani aiki ba sanin kowane aiki ba ne, kuma ciwon da ka raina kar ka ɓoye shi don tsoro. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana aiki da inji.