Ranar da Bunsuru Ya Tsoma Kofato

Ga ta nan, ga ta nanku, a matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Ana cikin maganar yin gada a kan rafi, sai Bunsuru ya miƙe a taron dabbobi yana shafa gemu, ya ce, "Gayyar bana titin masu kofato za a yi. Gadar me? Rafin nan taku uku nake haye shi."

Bushiya ta matso gaba. Sau ɗaya ake gayya a shekara, ga shi bara rafin ya tafi mata da ɗa.

Ta ce wa Zaki, "Ranka ya daɗe, mu masu ƙaramin tsallake ba dabbobi ba ne?"

Bunsuru ya ce, "Ku dai raki gare ku."

Zaki ya ce, "A al'adarmu, wanda ya raina abu shi ke fara gwadawa."

Aka ɗunguma bakin rafi. Bunsuru ya tsoma kofato ɗaya, ya janye. Sai Kunkuru ya leƙo daga ruwa ya ce, "Maigemu, yau ma goyon ne? Hau mana, amma ban da kiran inna a tsakiya."

Zaki ya ce a je saran itacen gada. Ƙayoyin Bushiya suka kwanta, Bunsuru kuwa ya rasa inda zai sa gemu.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera jiƙaƙƙe.