Biskit ɗin Auta

Akwai wani tsoho mai gyaran agogo, mutum mai taurin kai, da ya rage shi kaɗai a gida bayan autarsa ta sami aikin jinya a wata ƙasa mai nisa. Ta bar masa karenta, Gajere, da wata takarda da ta manna a jikin firji.

"Baba, abin da zai ci da wanda ba zai ci ba ne na rubuta. Don Allah ka karanta."

"Ni da na ciyar da ku ku shida, kare ne zai gagare ni?" Ko kallon takardar bai yi ba.

Tun Auta tana ƙarama, in ya rufe shago sai ya sayo mata biskit mai cakulan. Ta tafi, amma ƙafarsa ba ta daina tsayawa a kantin biskit ɗin ba. Sai ya iso ƙofar gida yake tuna babu mai karɓa. Gajere kaɗai zai tarar, yana leƙen bayansa ko tana tafe.

"Ba ta zo ba," sai ya ce. "Ungo nata."

Ranar da ta bugo waya ta ce bana ma ba za ta samu zuwa ba, fakiti guda ya zazzage wa karen. Kafin yamma Gajere yana amai, jikinsa na rawa.

Da ya kai shi asibiti, likitar dabbobi ta ji abin da karen ya ci, ta kalli tsohon.

"Baba, cakulan guba ne ga kare."

"Yarinyata tana sonsa."

"Ita ce ke so, ba shi ba."

Tsohon ya ce, "In ta dawo ta tambaye ni shi, me zan ce mata?"

Aka riƙe Gajere kwana biyu. Tsohon ya koma gida, ya sa tabarau, ya tsaya gaban firji yana karanta takardar. Dafaffen nama ba gishiri, shinkafa, ruwa mai tsabta. Ban da albasa, ban da ƙashin kaza dafaffe, ban da cakulan. A can ƙasa kuma ta rubuta:

"Baba, na san ba za ka daina sayen biskit ɗin ba. Kai ka ci, ka kira ni kana ci."



Gajere ya warke. Yanzu da yamma karen yana cin namansa, tsohon yana cin biskit da waya a kunne, yana mita wai zaƙi ya yi yawa. In aka taɓa ƙofa, har yau su biyun tare suke ɗaga kai.

Darasi: So ba ya mai da guba abinci. Dabbar da ke hannunka, ba ta abin da jikinta ke buƙata, kuma ka saurari wanda ya fi ka saninta ko da ɗan cikinka ne. Ku tura wa masu kare, da duk mai kewar wani.