Dattijon da Ya Karɓi Ran Mai Kisa

A wata duniya can bayan taurari, inda rana biyu ke fitowa, akwai wani dattijo, shugaban dangi. Mutanen duniyar nan hannu huɗu gare su, kuma tun suna tatata ake koya musu riƙon mashi. Dangi tara ne, kowanne da dattijonsa ko dattijuwarsa. Dattawan nan tara su ne majalisa, a kan wani falalen dutse suke yanke kowace shari'a.

Dattijon nan ɗa ɗaya gare shi tak. Wata rana faɗa ya kaure a bakin rijiya, wani jarumi daga dangi mafi girma ya soke ɗan, ya mutu nan take.

Aka kawo jarumin gaban majalisa, hannuwansa huɗu a ɗaure. Dokarsu kuwa ta ce ran mai kisa yana hannun uban mamaci. Dattijon ya sani sarai idan ya zub da jinin nan, babban dangin zai rama, nasa ma su rama. Ga kuma mahara sun yi sansani a bayan tsauni, suna jira dangin su cinye junansu.

Babbar dattijuwar majalisa ta miƙa masa mashin hukunci. Ya karɓa, zuciyarsa na ci kamar wuta. Ya ce, "Uwar majalisa, ran mutumin nan nawa ne?"

Ta ce, "Naka ne."

Sai ya sa bakin mashin ya yanke igiyoyin, ya ce, "To, na karɓa. Ya raba ni da ɗa, shi zai zama ɗana. Zai ci a akushina, ya gāji gidana."

Wuri ya ruɗe. Waɗansu suka ce ya karya doka. Dattijuwar ta ɗaga sanda, ta ce, "Doka ta ba shi ran, ba ta ce lalle ya kashe ba." Jarumin ya fāɗi a ƙafafun dattijon yana kuka, yana cewa, "Baba!"

Da mahara suka sauko, suka tarar da dangi tara a jere kafaɗa da kafaɗa, sabon ɗan yana kan gaba da tutar ubansa. Kafin rana ta biyu ta fāɗi, an kore su har bayan tsauni. Mata suka yi ta guɗa, majalisa kuma ta sassaƙa hukuncin dattijon a jikin dutsen.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Jarumin nan mu ne, gama zunubanmu ne suka kai Ɗan Allah kan gicciye. Ranmu yana hannun Uba, amma maimakon hukunci ya kwance mu, ya kira mu 'ya'yansa. Mahara su ne Shaiɗan, wanda ke jin daɗin gaba a gida da cikin ikilisiya. Wanda ya cuce ka, yau yana hannunka. Ka kwance shi, ku tsaya tare, Maƙiyi zai gudu.