Faifan da Aka Kawo daga Tunga

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda za ku yi ta musu a kanta har tuwonku ya huce.

A wani gari akwai wata tsohuwa, Tasalla. Tun ba ta iya ɗaura zane ba aka ba da ita riƙo ga gwaggonta. Mijin gwaggon bafatake ne, yau nan gobe can, har suka yi nisa da gida. Gwaggo ta rasu, mijin ya bi ta, sanin hanyar gida ya bi su kabari. Tasalla ta yi aure, ta ga 'ya'ya da jikoki, amma in ta zauna tsintar wake sai ka ji tana kiran sunan yayarta Azumi a hankali, kamar mai tsoron kada sunan ma ya gudu. Abin da ta riƙe kawai shi ne ana ce wa garinsu Tunga, Tunga kuwa a ƙasar nan ba ta ƙirguwa. 'Ya'yanta sun yi cigiya har sun gaji. Ga ƙafa ta fara ƙi, ga ido ya fara hazo, ita kuwa burinta ɗaya ne, ta ji muryar Azumi kafin ta koma ga Allah.

Jikarta Lantana tana makarantar garin. A makarantar akwai malamai uku, abokan juna, da suka gaji da tseren kaiwa ƙarshen littafi, yaro ya fito kai cike kamar buhun gero, hannu kuwa wayam. Sai suka yi shawara cewa kafin kowa ya shirya darasi, zai fara tambayar kansa abin da yaron zai iya yi in an tashi. Shugaban makaranta ya yi gunaguni, iyaye ma suka ce yaran maƙwabta sun kusa shafin ƙarshe. Malaman suka toshe kunne.

Na farko Malam Barau. Shi tambaya ya koya musu, da haƙurin jiran amsa. Ya ce in tsoho ya yi shiru kada ka cike masa shirun, kuma kada ka tambaye shi suna, tambaye shi abin da idonsa ya gani. Lantana ta je ta tsuguna gaban kakarta, ta bar tsokanar da suka saba. Ta tambaye ta ina rana take in za su kasuwa da safe. Tsohuwa ta yi shiru har Lantana ta ɗauka barci ne. Can sai ta ce rana tana dukan fuskarsu, kogi yana hagunsu, akwai wani dutse kamar an kife tulu, kasuwar kuma ran Laraba take ci. Abin da 'ya'yan cikinta ba su taɓa ji ba ke nan, don su sunan gari kawai suke tambaya.

Ta biyu Malama Uwani. Ita ba ta sa su haddace sunayen koguna ba. Fitar da su take yi tsakar makaranta, kowa ya zana unguwarsu a ƙasa da tsinke, ya nuna gabas, sannan a buɗe taswira a gwada. Lantana ta zana maganar kakarta a ƙasa, kogi a nan, dutse a can, ta yi ta bin taswira har zanen ya hau kan wuri guda. Sai dai wurin shuɗi ne. Ruwan madatsa ya daɗe da shanye Tungar. Ta yi kuka, sannan ta share ido ta sake dubawa, ta ga wani ƙauye a kan tudu mafi kusa, ta ce in mutane sun guje wa ruwa, nan za su hau.

Na uku Malam Tanimu. Shi ba ya barin yaro ya ɓuya a bayan wani. Kowa sai ya miƙe ya yi bayani, farko a farko, ƙarshe a ƙarshe, har na bayan aji ya ji. Lantana da can ko sunanta aka tambaya sai ta rufe fuska da mayafi. Da ita da kawunta suka isa ƙauyen, kawu ya yi ta kame-kame, mutane suka zaci masu neman fili ne, suka fara watsewa. Sai yarinyar ta gaishe da dattawa, ta nemi izini, ta jero labarin tiryan-tiryan. Ba ta rufe baki ba wata makauniyar tsohuwa ta dafo zana ta fito.

"'Yar nan, Tasallarmu tana da rai?"

Aka ɗauko Tasalla a mota. Ba zan iya ba ku labarin haɗuwar nan ba. Azumi ta yi ta shafa fuskar ƙanwarta tana cewa, "Inna ta jira ki har ta gaji." Sannan ta jawo wani tsohon faifai da uwarsu ta saƙa don ranar da Tasalla za ta dawo, wanda ko da ruwa ya tashe su ba ta bari a baya ba.

Tasalla ta rungume faifan ta yi kuka mai isarta. Daga nan ta miƙa wa Lantana, ta ce ita ta samu abin da take nema, a kai wa malamin da ya mayar da ita gida.

Ga Lantana can tsaye a ƙofar makaranta da faifai a hannu. Ba don Barau ba, da maganar tana nan binne a cikin tsohuwa. Ba don Uwani ba, da an ji maganar ba a san inda ta nufa ba. Ba don Tanimu ba, da an je har ƙofar gidan Azumi an juyo. Faifai kuwa ba ya rabuwa uku, in ka warware shi kaba ce kawai za ta rage a hannunka.

To, ku faɗa mini, hannun wa za ta saka shi?